Ashe Mu Ba 'Yan Garside Ba Ne

Hartland, New Brunswick
17 ga Nuwamba

Zuwa ga ƙanena Merrill,

Gaisuwa mai yawa, tare da fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Corinne da yara. Yaya aiki, yaya sanyin Alberta? Allah ya ƙara muku lafiya, ya tsare ka a wurin nan naku na haƙar mai, ya raya mana Colby da Tessa, amin. Mu nan da sauƙi. An gama cire dankali tun tsakiyar Oktoba, kuma bana ya yi kyau, in ban da gonar bakin kogi da ruwa ya kwanta a cikinta har rabinta ya ruɓe. Doyle ya gyara rufin ɗakin ajiya da gurguwar gwiwarsa, ya kuma ƙi zuwa asibiti, ka dai san halin mijin nawa. Gwaggo Verna ta cika tamanin da huɗu, ƙafa ta tsufa amma baki yana nan garau. Dusar ƙanƙara ta fara sauka shekaranjiya.

Na san za ka yi mamakin ganin wasiƙa a takarda, mu da kullum muna waya. Sau uku ina ɗaukar wayar in kira ka, sai in ajiye ta. Game da Baba ne. Ka riga ka ji abin da likita ya ce, cewa zuciyar ta gaji, da wuya ya ga bazara. Abin da nake roƙo kullum shi ne watannin nan da suka rage masa ya yi su da kwanciyar rai. To, Merrill, da hannuna na ɗauke masa wannan kwanciyar rai, kuma gara ka ji yadda aka yi daga bakina.

Ka tuna shekara shida ke nan da Baba ya ɗora mini aikin tarihin gidanmu. Ya ce shi idonsa ya mutu, ni kuma na bar koyarwa ina zaune, in haɗa masa asalin Garside tun daga Ingila, ya ji shi kafin ya tafi. Ni ma da zumuɗina na karɓa. Na buɗe tsohon Littafi Mai Tsarki na gida, inda aka jera sunayen haihuwa da mutuwa, na bi su ɗaya bayan ɗaya har zuwa Josiah Garside, wanda ya baro Amurka zuwa nan Kanada a 1783 tare da mutanen da suka ƙi juya wa Sarkin Ingila baya. Daga Josiah na tsallaka teku zuwa Lancashire, na gano sunan ma na wani gangaren tudu ne da kakannin suka zauna. Ranar da na karanta wa Baba wannan, sai da ya sa na maimaita sau biyu, ya riƙa kaɗa kai yana cewa shi dama ya san ba daga sama muka faɗo ba. Kai kuwa ka je aka zana maka tambarin gidan a damtse, ka turo hoto, Gwaggo Verna ta duba ta ce wannan zakin naka ya fi kama da kyanwar da aka watsa wa ruwa.

Abu ɗaya ne ya riƙa yi mini tsaye a rai. Sunan Kaka Wilfred, mahaifin Baba, yana cikin Littafin, amma da wata tawada daban, kuma babu ranar baftismarsa kamar ta sauran. Na ce wa kaina mantuwa ce irin ta mutanen da. Sai bara da Tessa ta matsa na yi gwajin nan na gano dangi, wanda ake tofa yawu a ƙaramar kwalba a aika. Sakamako ya fito, na bi jerin sunaye daga sama har ƙasa, babu ɗan Garside ko ɗaya, alhali 'yan Garside na Woodstock sun fi goma da suka yi gwajin. A saman jerin kuwa sai ga wata mata mai suna Maureen, a Birmingham ta Ingila, wai jininmu ya haɗu kusa. Na yi wata biyu ban gaya wa kowa ba, ina ta cewa kuskure ne.

A watan Mayu na tuƙa mota zuwa Fredericton, ɗakin adana tsofaffin takardu, na nemi ƙidayar jama'a ta 1911. Ga gidanmu nan, ga tsoho Amos Garside da matarsa da ɗansu guda. A layin ƙarshe, ƙarƙashin kowa, an rubuta Wilfred Tranter, ɗan shekara goma sha biyu, haifaffen Ingila, yaron aiki. Matar da ke kula da wurin ta leƙo ta kafaɗata, ta ce ai wannan ɗaya ne daga yaran da gidajen marayu na Ingila suka riƙa loda wa jirgin ruwa ana rarraba wa manoma a nan, kuma ba ni ce ta farko da ta zauna a kujerar nan ta yi kuka ba. Ta taimaka mini muka samo sunansa a jerin fasinjojin jirgin da ya sauka Halifax a 1908. Yana ɗan shekara tara. Ɗan Amos na cikinsa ya mutu a yaƙin duniya na farko, gona ta rasa magaji, sai aka ɗauki alƙalami aka ƙara Wilfred a Littafin da sunan Garside. Shekara shida na yi ina bin zuriyar mutanen da kakanmu ya kwashe wa kashin shanu.

Kai kana ɗan shekara uku ya rasu, ba za ka tuna shi ba. Ni ina da tara. Mutum ne da ban taɓa jin dariyarsa ba. In an yi baƙi sai ya ɗauki farantinsa ya koma bayan kicin, in ka tambaye shi ƙuruciyarsa sai ya ce ana jiransa a wurin shanu. Baba ya girma yana jin haushinsa, ka sha jin yana cewa shi dutse ne ya haife shi, bai taɓa dafa kansa ba ko sau ɗaya. Da na koma gida na je na sami Gwaggo Verna, na zata za ta gigice. Sai ta taɓe baki ta ce yo ita ai tun tana yarinya take jin tsofaffin coci suna ce masa yaron jirgi in ya ba da baya, ta ɗauka zagi ne kawai. Ta ce kuma in daina zare mata ido kamar an ce mini uban nasu ɓarawon doki ne, dankalin da ya noma ai bai tambaye shi sunansa ba kafin ya fito.

Na rubuta wa Maureen, ta amsa a ranar. Ita jikar Edith ce, Edith kuwa ƙanwar Kaka Wilfred ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Ta ce ubansu ɗan dako ne mai keken doki, kuma abin da Tranter ke nufi ke nan tun asali, masu dako da keken doki. Uban ya mutu ya bar uwarsu da yara biyu. Uwar ta kwanta ciwon huhu wata biyar a asibitin talakawa, maƙwabciya ta riƙe Edith, shi kuma aka kai shi gidan marayu da sunan na ɗan lokaci ne. Da ta warke ta je ɗaukar ɗanta, aka ce mata jirgi ya tashi da shi tun mako uku. Shi kuwa, a takardun da gidan marayun ya ajiye, an rubuta cewa an sanar da shi uwarsa ta mutu, don kada ya riƙa kukan gida yana ɓata wa masu gona rai. Matar nan ta rayu har 1938, tana zuwa ƙofar gidan marayun tana roƙon adireshi ana sallamar ta. Wannan kaɗai ya isa baƙin ciki, kuma da a nan ya tsaya da na iya ɗauka.

A watan Satumba Maureen ta aiko mini da ƙunshi ta gidan waya. Ta ce kakarta Edith ba ta daina nema ba, sai a 1951 wani ma'aikaci ya tausaya mata ya ba ta adireshin gonar da aka kai wanta. Ta rubuta masa, wasiƙar ta dawo mata ba a buɗe ba. Ta sa ta a gwangwanin biskit, ta ce shi ke nan Wilfred ya mutu, ba ta ƙara ambatarsa ba sai a ciwon ajalinta. Maureen ta ce a ganinta wasiƙar tamu ce, tunda gidanmu aka aiko ta. Na buɗe ƙunshin a teburin kicin. Ambulan ne shuɗi marar kauri, da kan sarki na Ingila, an rubuta Wilfred Tranter, gonar Garside, Hartland. An ja layi a kan adireshin da fensir, a gefe an rubuta cewa ba a san shi a nan ba. Merrill, rubutun bahago ne mai kwanciya baya. Shi ne a kan katin ranar haihuwata na kowace shekara, shi ne a jikin kowace gangar dankali da muka girma muna gani. Rubutun Baba ne.

Hatimin gidan waya ya nuna Oktoba, kuma da ganin watan na gane yadda aka yi. Lokacin cire dankali ne, an rufe makaranta, gida cike da 'yan ƙwadago daga ko'ina, wasu su yi mako biyu su wuce. Ka san ƙa'idar gidanmu da muka gada, mu ma mun yi ta: in wasiƙa ta zo wa ɗan ƙwadagon da ya riga ya tafi, yaron da aka aika bakin titi ya rubuta ba a san shi ba, ya mayar cikin akwatin wasiƙu, ya ɗaga jar tutar nan ta jikin akwatin don mai kawo wasiƙa ya tsaya ya ɗauka. Ba a ma shigo da ita gida, don kada a ɓata wa manya lokaci. Baba yana ɗan shekara goma sha biyar. Ya ga suna Tranter, bai taɓa jin sa ba, ya yi abin da aka koya masa. Ubansa kuwa a lokacin yana cikin gona, bai fi tafiyar minti biyar daga akwatin ba.

Maureen ta riga ta buɗe wasiƙar bayan rasuwar kakarta, don haka na karanta. Shafi ɗaya ce. Edith ta ce ita ce ƙanwar da yake goyawa zuwa bakin famfo, ko ya tuna? Ta ce mamarsu ba ta mutu a lokacin da aka gaya masa ba, kuma ba ita ta ba da shi ba, ya sani ba a yar da shi ba. Ta ce ba ta neman komai a wurinsa, layi ɗaya kawai ya rubuto cewa yana raye. Kaka ya rasu a 1971, Edith a 1979. Shekara ashirin suka yi bayan wasiƙar nan, kowa yana raye, kowa ya ɗauka ba shi da kowa.

Na ɓoye ambulan a ƙarƙashin zannuwan gado, na rasa inda zan sa kaina. Baba kuwa kullum da safe, in na kai masa shayi, sai ya tambaye ni ina aka kwana da mutanen Lancashire. Doyle ya ce in rufa wa tsoho asiri, in karanta masa tarihin Josiah in rufe littafi, wa zai sani? Gwaggo Verna da na nuna mata ambulan ta ce in na kuskura na nuna wa wanta Everett wannan to in fara haƙa masa rami tukuna. Amma ta ce sunan dai haƙƙinsa ne, mutum bai kamata ya mutu bai san sunan ubansa ba. Na auna na auna, na ga maganarta ta yi. Na yanke zan gaya masa komai in ban da ambulan. A wautata na ɗauka ana iya raba su.

Ranar Asabar ta makon jiya, bayan mun ci wake da burodi, na ja kujera kusa da shi. Na gaya masa zancen jirgi, da ƙidaya, da uwar da aka ce ta mutu. Ya saurara bai katse ni ba. Hawaye suka zubo masa, ya ce ashe ba dutse ba ne, yaro ne da aka sauke a bakin teku babu mai riƙe masa hannu. Ya ce shekara tamanin yana jin haushin mutumin da ya kamata ya ji tausayi. Wallahi a lokacin har na ji sanyi a raina, na ce aikin nan bai tashi a banza ba, ga uba da ɗa sun shirya. Har ya yi 'yar dariya ya ce a gaya wa Merrill ya nemi sabulu mai ƙarfi ya wanke zakin nan, a zana masa doki da keke. Sannan ya tambaye ni, to mene ne sunan namu na gaskiya? Na ce Tranter.

Ya maimaita sunan a hankali, sau biyu. Mutumin da ba ya tuna ko ya sha maganin safe, sai na ga fuskarsa ta canza. Ya ce ya taɓa ganin sunan nan. Ya ce shekarar da babbar motar Kawu Hazen ta kafe a laka, wata shuɗiyar wasiƙa ta zo daga Ingila, ya tuna ta don ya so ya cire kan sarkin ya ajiye amma ya ji tsoro. Ya ce ya rubuta a kanta ya ɗaga tuta ya koma gona da gudu, don ana jiransa da kwando. Ya juyo ya dube ni, ya ce Glenna, daga wa wasiƙar nan take? Na ce ina zan sani, Baba, abin da ya shekara saba'in da uku. Ya ce in dube shi. Ya ce tun ina 'yar ƙarama in na yi ƙarya kunnuwana ja suke yi, in tashi in ɗauko abin da nake ɓoyewa.

Na ɗauko. Ya sa tabarau ya kai ambulan dab da idonsa, ya daɗe yana kallon rubutunsa. Ya ce in karanta masa ta ciki, na karanta. Da na zo inda ta ce ya sani ba a yar da shi ba, sai ya ɗaga hannu na tsaya. Na durƙusa a gabansa na ce Baba, yaro ne kai, ƙa'idar gida ka bi, laifin na waɗanda suka loda shi a jirgi ne suka yi masa ƙarya, da waɗanda suka shafe masa suna. Ya ce duk ya ji. Ya ce amma su can nesa suke, shi kuwa a hannunsa ta sauka, minti biyar tsakaninsa da ubansa. Ya ce abu ɗaya mutumin nan yake bukatar ji duk rayuwarsa, ya tsallako teku ya iso har ƙofar gida, ɗansa ya kore shi.

Yau kwana takwas ke nan. Abinci sai ya ɗan taɓa ya ture. Rediyon da ba ya rabuwa da shi ya ce a kashe. Yana zaune a kujerar bakin taga mai kallon titi, ya yi tagumi tun safe har yamma. Fasto ya zo ya yi masa magana mai daɗi, ya yi godiya kawai. Gwaggo Verna ta zo ta balbale shi da faɗa, ta ce kai Everett tsohon banza, in kowa zai mutu saboda wautar da ya yi yana ɗan sha biyar ai da garin nan ba kowa, ya yi mata murmushi kawai. Da ta fito, a mota ta kifa kai ta yi kuka. Ni kuwa ba na iya haɗa ido da kowa. Ni na tono, ni na kawo, kuma da na bar shi da mutanen Lancashire da yanzu yana nan yana tsokanar Doyle.

Jiya ya kira ni, ya ce akwai wasiyya. Ka san a maƙabartar coci an bar masa wuri tsakanin Mama da Kaka Wilfred, tun rasuwar Mama yake cewa can ne gadonsa na ƙarshe. To ya ce kada a sa shi a nan. Ya ce a kai shi can ƙarshen fili, jikin shinge. Na ce Baba, Mama fa, shekara hamsin da biyu kuna tare? Ya ce ai matarsa Thelma za ta gane, ita mai haƙuri ce. Ya ce da wane ido zai je ya kwanta kusa da mutumin nan. Ya sa na rubuta, ya sa hannu, ya ce in yi masa alkawari. Ban yi ba, na ce sai ƙanena ya zo, don ba ni kaɗai ya haifa ba.

Shi ya sa na rubuto. Ka zo, Merrill. Kada ka jira hutun Kirsimeti, ban tabbata akwai lokacin ba. Kai ne ɗan lelensa, abin da ba ya ji daga bakina wataƙila ya ji daga naka. Ban san me za ka ce masa ba, ni nawa ya ƙare. In kuma kana jin haushina, ka zo ka faɗa mini a ido, na cancanta, amma ka fara shiga wurinsa.

Ka gaishe mini da Corinne da kyau, ka ce na gode da rigar sanyin da ta saƙa wa Baba. Ka gai da Colby. Tessa kuma kada ka bari ta ɗora wa kanta komai saboda zancen gwaji, yarinya ba ta yi laifi ba. Doyle yana gaishe ku, Gwaggo Verna ma, ta ce in kana da sauran kunya ka hau jirgi. Maureen ta ce a miƙa gaisuwarta ga dukan dangin da ba ta taɓa gani ba, tana ta tambaya ko tsoho ya ji daɗin samun 'yan'uwa, har yau ban ba ta amsa ba. Na gaya wa Baba ina rubuta maka, na ce ko yana da saƙo. Ya ce in ce maka ka taho da takalmin kirki, ƙarshen filin nan akwai laka.

Allah ya kawo ka lafiya, ya sa ka tarar da shi.

Yayarka mai ƙaunarka,
Glenna